Hoton Makro a Kano: Yadda Wayar Hannu Ke Fito da Ƙwari da Furannin Gyadi-Gyadi da Tarauni

Duk wanda ya shiga kasuwar wayoyi ta Farm Centre a Tarauni zai ga yawancin wayoyin da ke cikin gilashi suna da idanun kyamara uku ko huɗu a bayansu. A wayoyi da yawa ɗaya daga cikin idanun nan na ɗaukar hoton makro ne, wato hoton ƙaramin abu daga kusa sosai. Mai saye yakan biya kuɗinsa tare da kuɗin wayar, amma sau da yawa har wayar ta tsufa bai taɓa buɗe shi ba. Wanda kuma ya gwada sau ɗaya ya ga hoton ya fito dishi-dishi, sai ya ɗauka abin na masu kyamarar miliyoyin naira ne.

Ba haka abin yake ba. Abin da ke lalata hoton makro galibi abu uku ne: ƙarancin haske, rawar hannu da rashin sanin tazarar da ya kamata a tsaya. Wanda ya gane waɗannan zai iya ɗaukar idon mazari ko ƙwan malam-buɗe-littafi da waya mai matsakaicin kuɗi da ƙaramin gilashi na 'yan dubban naira, ba tare da ya bar unguwarsu ba.

Mene ne hoton makro?

A cikin kowace kyamara akwai sensa, ɗan faifan da haske ke sauka a kansa ya zama hoto. Masu sana'ar hoto suna kiran hoto makro na gaskiya idan girman abu a kan sensa ya kai girmansa a zahiri, abin da ake rubutawa 1:1. Babbar sensar kyamarar ƙwararru tana da faɗin milimita 36 da tsawon milimita 24. Saboda haka a ma'aunin 1:1, fara mai tsawon santimita 3 da rabi za ta cika hoton daga wannan gefe zuwa wancan. Idan aka ce 2:1, abin ya ninka girmansa sau biyu a kan sensa.

Sensar waya ƙarama ce ƙwarai, faɗinta 'yan milimitoci ne kawai, don haka wannan lissafi ba ya yi wa mai waya amfani sosai. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne rula irin ta 'yan makaranta. A ɗauki hotonta daga mafi kusancin da kyamara za ta iya fito da ita tangaran, sannan a ƙirga milimita nawa suka shiga cikin hoton. Idan santimita 3 ne ko ƙasa da haka suka cika faɗin hoton, an shiga fagen da za a ga gashin ƙafar ƙudan zuma.

Sha'awar ba sabuwa ba ce. Wani Bajamushe malamin zane, Karl Blossfeldt, ya haɗa kyamararsa da hannunsa yana ɗaukar toho da ganyen tsirrai, kuma littafin hotunansa da ya fito a 1928 har yanzu ana koyarwa da shi. Bambancin yau shi ne kayan aikin suna cikin aljihun ɗan sakandare.

Hanyoyi uku da waya ke bi

Hanya ta farko ita ce ƙaramar kyamarar makro da ke zuwa a wayoyi masu sauƙin kuɗi. Yawancinsu megafiksel 2 ne, wato hoto mai ɗigo 1600 a faɗi da 1200 a tsaye, kuma fokas ɗinsu a kafe yake a wajen santimita 4. Idan aka matsa gaba kaɗan ko baya kaɗan, hoton ya dushe. Ba sa kuma son wuri mai ƙarancin haske.

Hanya ta biyu ita ce babbar kyamarar wayar. Galibi ba ta iya kama abin da ya fi kusan santimita 10 kusa da ita, amma hotonta ya fi yawan ɗigo da tsabta. Hoto mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a faɗi. Idan aka yanko tsakiyarsa mai ɗigo 1600, daidai yake da an kusanto da abin sau biyu da rabi, kuma sau da yawa yankakken hoton ya fi na ƙaramar kyamarar makro kyau. Wayoyi masu tsada kuma suna amfani da kyamararsu mai faɗin gani wajen ɗaukar makro. Misali iPhone 13 Pro da ya fito a 2021 yana iya kama abu daga tazarar santimita 2.

Hanya ta uku, wadda ta fi dacewa da mai farawa, ita ce gilashin makro mai maƙali da ake ɗorawa a kan babbar kyamara. Aikinsa irin na tabaran karatu ne: yana ba kyamara damar ganin abin da ke dab da ita. Ana auna ƙarfinsa da diyofta, kuma lissafin ba wuya. A raba 100 da adadin diyofta, abin da ya fito shi ne tazarar aiki a santimita. Gilashi mai diyofta 10 yana aiki a wajen santimita 10, mai diyofta 25 kuma a wajen santimita 4. Mai ƙarfi ya fi girmama abu, sai dai yana tilasta wa mutum matsawa kusa har inuwar wayar ta rufe ƙwaron ko ya tashi ya gudu.

Kafin a biya kuɗi a kasuwa

Rubutun 10x, 15x ko 25x da ake gani a jikin kwalin waɗannan gilasai ba ma'auni ba ne da kamfanoni suka yi ittifaƙi a kansa. Gilasai biyu masu lamba ɗaya za su iya ba da sakamako daban. Saboda haka gani ya kori ji: mai saye ya tafi Farm Centre ko Beirut Road da wayarsa da rularsa, ya nemi izinin mai shago ya gwada kafin ciniki.

Abubuwan dubawa huɗu ne. Na farko, milimita nawa ke shiga hoton. Na biyu, ko layukan rular da ke gefe sun fito kamar na tsakiya, domin gilashi mara kyau tsakiyarsa kaɗai ke fita. Na uku, ko akwai wani launi shuɗi ko ja da ke bin gefen baƙin rubutu, wanda alama ce ta gilashi mai arha. Na huɗu, ko maƙalin yana zama daidai a kan kyamara ba tare da kusurwoyin hoton sun yi baƙi ba. Na gilashin gaske ya fi na roba jure ƙura da gogewa, abin da ke da muhimmanci a gari irin Kano.

Akwai kuma abin da ke ruɗa masu waya mai kyamara da yawa. Wasu wayoyin suna sauya kyamara da kansu idan suka ji abu ya matso kusa, sai mutum ya ga gilashin da ya maƙala bai yi komai ba. Maganinsa shi ne a rufe idanun ɗaya bayan ɗaya da yatsa don a gane wanda ke aiki, sannan a kashe sauyin makro na kai tsaye a cikin saitin kyamara, ko a shiga yanayin da ake saita komai da hannu.

Kayan da ake haɗawa uku a kwali ɗaya, da na makro da na faɗin gani da mai lanƙwasa hoto, su suka fi yawa kuma su suka fi arha. Sun isa a koyi aiki da su, amma araha ba ta ado. Wanda ya ga abin ya shiga ransa gara ya tara ya sayi gilashi ɗaya mai kyau.

Ga mai babbar kyamara

Wanda ke da tsohuwar kyamarar Canon ko Nikon irin ta masu hoton biki yana da zaɓi fiye da ɗaya. Gilasan makro na asali, kamar Canon 100mm, Nikon 105mm da Tamron 90mm, suna kai 1:1 kuma suna barin tazara mai kyau tsakanin mutum da ƙwaro, sai dai kuɗinsu ba na wasa ba ne ko da na gwanjo ne.

Akwai hanyoyi masu sauƙi. Ɗaya ita ce zoben ƙara tazara, bututu ne mara gilashi da ake sawa tsakanin kyamara da gilashinta. Idan aka ƙara milimita 50 a bayan gilashi mai 50mm, za a samu kusan 1:1. Wata hanyar ita ce zoben juyi, wanda ke ba da damar ɗaura gilashi a juye, gabansa ya koma baya. Gilashin 18-55mm da ke zuwa tare da kyamara, idan aka juya shi, yana wuce 1:1 nesa ba kusa ba. Illarsa ita ce bayan gilashin yana zama a buɗe, kuma a lokacin hunturu ƙura ba ta jira. Hanya ta uku ita ce gilashin ɗorawa a gaba, irin Raynox DCR-250 mai diyofta 8, wanda masu wannan sha'awa suka daɗe suna amfani da shi.

Fokas, haske da rawar hannu

Duk lokacin da aka matsa kusa da abu, yankin da ke fita tangaran yana ƙanƙancewa. A babbar kyamara, a ma'aunin 1:1 da buɗin f/8, kaurin wannan yanki bai wuce kusan milimita 1 ba. Shi ya sa za a ga idon fara ya fito amma fukafukinta ya dushe. Dokar farko ita ce a sa fokas a ido. Ta biyu, a daidaita wayar ta fuskanci gefen ƙwaron a miƙe, yadda kai da jiki za su kasance a tazara ɗaya. Ta uku, a kulle fokas sannan a riƙa matsar da jiki gaba da baya a hankali ana ɗauka da yawa a jere. A cikin hoto 20 ana iya samun biyu masu kyau, kuma haka abin yake har ga ƙwararru.

Haske shi ne rabin aikin. Ranar tsakar rana a Kano tana da kaifi, tana sa jikin ƙwaro ƙyalli da baƙar inuwa. Hasken safe da na bayan la'asar sun fi taushi. Idan dole ne a ɗauka da rana, farin ƙyalle ko farar takarda da aka riƙe tsakanin rana da abin suna tausasa hasken. Filashar wayar ba ta da amfani a nan, domin tana gefe kuma maƙalin gilashi kan tare ta. Tocilan wata wayar da aka rufe da farar leda ko takardar goge hannu ta fi ta aiki, musamman idan an haska daga gefe.

Game da rawar hannu, a dafa gwiwar hannu a ƙasa, bango ko gwiwa. A wayoyi da yawa maɓallin ƙara sauti na abin sauraro mai waya yana ɗaukar hoto, don haka ba sai an taɓa allon ba. Idan wayar ta yarda a saita gudun ɗauka, 1/250 na daƙiƙa ko sama da haka yana rage dushewa. Iska ma abokiyar gaba ce: ganye yana kaɗawa kaɗan, fokas ya tafi. Riƙe reshen da hannun hagu tare da jingina wayar a kan wannan hannun yana sa su motsa tare.

Ga wanda ke son komai ya fito daga kai zuwa wutsiya, akwai dabarar tara hotuna. Ana ɗaukar hotuna da yawa, kowanne da fokas a wuri daban, sannan manhaja ta haɗa wuraren da suka fita ta mai da su hoto ɗaya. Manhajar Open Camera ta Android, wadda kyauta ce, tana iya ɗaukar irin wannan jeri a wayoyin da suka ba ta damar sarrafa fokas. A kwamfuta kuma ana haɗa su da Helicon Focus ko Zerene Stacker. Da wannan dabara ce mai hoto ɗan Ingila, Levon Biss, ya ɗauki ƙwarin gidan tarihin halittu na Jami'ar Oxford da aka baje a 2016, inda kowane hoto ɗaya ya fito daga hotuna kusan 8,000. Dabarar tana buƙatar abin da ba ya motsi, kamar iri, busasshen fure ko fatar da ƙwaro ya saɓe.

Ina za a samu abin ɗauka?

Gyadi-Gyadi da Tarauni cike suke da gine-gine, kwalta da hayaniyar titin Zariya da titin Maiduguri, amma mai makro ba daji yake buƙata ba. Murabba'in mita ɗaya na ciyawa ya ishe shi aikin awa guda.

Wuri na farko shi ne tsakar gida. Bishiyar lemun tsami tana jawo wani babban malam-buɗe-littafi mai baƙi da ɗigon rawaya, wanda tsutsarsa tana ƙarama take kama da kashin tsuntsu don ta ɓace wa masu cin ta, daga baya ta koma kore. Furen zogale da na kuɓewa suna tara ƙudan zuma. A jikin bango akwai zanzaro da ɗakinsa na laka, da ɗan gizo-gizon nan mai tsalle wanda manyan idanunsa biyu na gaba suka sa masu makro a duniya ke son sa, ga shi yakan tsaya ya kalli kyamara.

Wuri na biyu shi ne kangaye da filayen da ba a gina ba, inda tumfafiya ke fitowa. Tumfafiya gari guda ce. A kanta ake samun farar tumfafiya mai launi, da tsutsar wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro, wadda ke da zanen baƙi da fari da rawaya. Tsutsar tana tara dafin ganyen a jikinta, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyale ta. Ƙwansa ana samun sa ɗai-ɗai a bayan ganye, kuma sai da gilashi ake ganin layukan da ke jikinsa.

Sai kuma gidan zu na Audu Bako da ke titin Zoo Road, wanda aka kafa tun farkon shekarun 1970, kuma yana cikin wurare mafi yawan bishiyoyi a wannan yanki. Masu sayar da dashen furanni a bakin titi ma suna da tsirran da ake ba ruwa kullum, don haka ko da rani ba a rasa ƙwari a wurinsu. A kowane ɗaya, neman izini shi ne farko.

Kowane lokaci da nasa. Damina, daga Yuni zuwa Satumba, ita ce kakar mai makro: mazari a bakin kududdufi, ƙoƙi-ƙoƙi a cikin ciyawa, raɓa a kan saƙar gizo. Da hunturu ƙwari suna raguwa, amma sanyin asuba yana sa waɗanda suka rage su kasa motsi har rana ta ɗaga, ga mangwaro yana fure. Da bazara darbejiya ke fitar da ƙananan furanninta farare. Ranar da ba a fita ba kuma, kayan miya daga kasuwar Tarauni sun isa gwaji: kanumfari, riɗi, 'ya'yan barkono da busasshen zoɓo.

Amfanin da ya wuce nishaɗi

Hoton ƙaramin ƙwaro yana iya zama maganar abinci. A 2016 wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta cinye gonakin tumatir a Kadawa, Kura da sauran wurare, har tumatir ya gagari talaka. Uwar tsutsar ba ta kai santimita 1 ba, kuma tsutsar cikin ganye take shiga ta yi rami. A shekarar ce kuma aka fara tabbatar da ɓullar tsutsar masara ta Spodoptera frugiperda a Najeriya, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne. Ana gane ta da alama mai kama da harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe a jere kamar murabba'i kusa da wutsiyarta. Waɗannan alamu ne da hoton waya na yau da kullum ba ya fitarwa, amma gilashin makro yana fitarwa. Manomi ko ɗansa da ya aika wa malamin gona irin wannan hoto ya fi kusa da samun maganin da ya dace, maimakon sayen feshi a kan zato. Ba nisa ma, tashar Kano ta cibiyar binciken noma ta IITA tana kan titin Sabo Bakin Zuwo, kuma wake da ƙwarin da ke cin sa suna cikin manyan ayyukanta.

Ko sauro ma hoto yana bambanta shi. Mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro yakan zauna da bayansa a ɗage sama, na gama-gari yana zama a kwance daidai da bango, shi kuwa mai yaɗa shawara da zazzaɓin dengi baƙi ne mai zanen fari a ƙafafu.

Akwai kuma manhajar iNaturalist, wadda aka fara a 2008 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Mutum yana ɗora hoto da rana da wurin da ya ɗauka, manhajar ta ba da hasashen suna, sannan masana da masu sha'awa daga ko'ina su tabbatar ko su gyara. Bayanan da aka tabbatar suna shiga rumbun GBIF da masu bincike ke amfani da shi. Duk wanda ya buɗe taswirar manhajar zai ga Turai da Amurka sun cika da ɗigo, arewacin Najeriya kuwa jefi-jefi. Ma'ana hoton da aka ɗauka a bayan gida a Darmanawa ko Unguwa Uku yana da daraja fiye da yadda mai shi ke zato. Idan aka rubuta sunan Hausa na ƙwaron a wurin bayani, an adana abu biyu, domin yaran birni da yawa ba su san bambancin cinnaka, kiyashi da tururuwa ba. Filayen da ake samun waɗannan halittu ma kullum gini yana cinye su.

Abin lura a nan: WhatsApp yana matse hoto, ƙananan alamun da ake buƙata su ɓace. A aika shi a matsayin fayil ko a zaɓi HD. Wanda ya ɗauka a cikin gidansu kuma zai iya ɓoye ainihin wurin a iNaturalist.

Hattara

Mai makro yakan duƙa ya manta da abin da ke kewaye da shi, kuma ƙwacen waya ba baƙon abu ba ne a Kano. Fita mutum biyu ta fi, ɗaya yana ɗauka ɗaya yana riƙe haske yana kuma lura. A guji kangaye bayan magariba. Kada a nufi gidan mutane, asibiti ko wurin jami'an tsaro da kyamara, ko da fure ake nufi, sai an yi bayani. Kada a ɗaga dutse ko bulo da hannu saboda kunama. A nisanci gidan rina. Ruwan tumfafiya yana yi wa ido illa, don haka a wanke hannu bayan taɓa ta.

Su ma ƙwarin suna da haƙƙi. Ba a kashe su ko a saka su a firji don su tsaya, kuma ganyen da aka juya a mai da shi yadda yake. Gilashi kuma a hure ƙurarsa kafin a goge da ƙyalle mai laushi, domin goge ƙurar hunturu kai tsaye yana kankare shi.

Mai son farawa ba ya buƙatar sabuwar waya. Ya gwada kyamarorin wayarsa da rula ya san wadda ta fi, ya sayi gilashi ɗaya bayan gwaji, ya zaɓi shuka ɗaya kusa da gida ya riƙa ziyartarta kowace safiya har mako biyu. A ƙarshen makonnin zai san tazarar gilashinsa ba tare da tunani ba, kuma zai tara hotunan halittun da ya shekara yana wucewa ta gefensu bai san suna nan ba.